Faɗakarwa Bisa Mai Biyan Kuɗin Alfasha, Wanda Kame Ba Shi Isa Gare Shi

Da sunan Allah nike farawa, gare shi nike neman taimako. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da wanda ya bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, wagga takarda daga ɗan'uwanku ce, mai karantar da Alƙur'ani a Gesse cikin Birnin Kebbi, zuwa ga malamai da almajirai na ƙasar Gwandu da ta Argungu, da duk wanda ta isa hannunsa. Ku sani, ya 'yan'uwa, abin da na gani da idona shi ya sa ni ɗaukar alƙalami.

Wata rana da hantsi, almajirai suna wanke alluna, sai na ji ihun yara bisa hanya. Na leƙa daga zaure, sai ga mota buɗaɗɗiya cike da mata, an kamo su cikin dare daga wani gida can bayan gari. Na ƙidaya goma sha ɗaya. Wasu sun rufe fuska da gyale, wasu sun bar ta buɗe. Yara na biye suna jifansu da sunan da ba ni rubuta shi nan. Cikinsu na shaida ɗaya. Ta zauna gabana tana ƙarama, ta kai izu biyar kafin a cire ta a yi mata aure. Daga baya mijin ya sake ta da goyo da wani na tafiya, bai aiko da ko mudu guda ba. Da motar ta tsaya, na matsa wurin wani saurayi daga cikin waɗanda sunka yi kamen, na ce mashi, “Ɗana, ina mazan da kunka iske ciki?” Ya ce, “Allah shi gafarta malam, mazan mun yi musu nasiha, sun tafi.” Na ce, “Su matan ba su jin nasiha?” Ya yi shiru, ya duƙa ya gaishe ni, motar ta wuce.

Kada wani shi karanta wannan shi ce malamin Gesse ya tashi wanke karuwanci. Zina haram ce, kuɗin da anka karɓa dominta haram ne, babu saɓani cikin wannan tsakanin malaman musulunci. Abin da nike faɗa guda ne: ciniki ba shi ƙulluwa da mutum ɗaya. Akwai wadda ta sayar, akwai wanda ya saya, akwai mai gidan da ke karɓar haya ninki biyu domin ya san abin da ake yi ciki, akwai kawalin da ke kai saƙo. Mu kuwa mun zaɓi mafi rauni cikinsu mun aza mata kayan duka.

Ku dubi harshenmu ma. Ita muna da sunaye gare ta kamar tsakuwa: karuwa, kilaki, 'yar bariki, 'yar duniya, mai zaman kanta. Shi fa, wanda ya ɗaura agogo ya shafa turare ya tafi wurinta bayan lisha, mi muke kiransa? Da safe sunansa Alhaji, sunansa ranka shi daɗe, sunansa oga. Iyakarta a ce shina da neman mata, a faɗe shi da murmushi, kamar an ce shina da son goro.

Littafin Allah bai yi wanga rabo ba. Duk almajirin da ya kai Suratun Nur ya sani an ambaci mace da namiji cikin aya guda, an yanka musu bulala ɗari ɗari, ba a rage wa namiji ko ɗaya ba. In ka ce, ai mace anka fara ambata, sai in ce maka: cikin hukuncin sata namiji anka fara ambata, shin kun taɓa jin alƙali ya saki ɓarauniya saboda an jinkirta sunanta? Kuma cikin surar nan dai akwai ayar da ta sauka a kan Abdullahi ɗan Ubayyu, shugaban munafukan Madina, wanda ke tilasta kuyanginsa su yi zina su kawo mashi kuɗi. Muslim ya ruwaito labarin. Hanin ya sauka bisa mai tilastawa, mai cin ribar. Su kuwa waɗanda anka tilasta gafara anka ambata musu. Kada kuma mai saye shi zaci kuɗinsa sun sayo mashi mafita. A mazhabarmu ta Malikiyya, Shehu Halilu ya bayyana cikin Muhtasar cewa wanda ya ɗauki mace haya domin wanga aiki haddi shina kansa.

To in haka ne, don mi namiji ke tsira kullum? Wanga shi ne wurin da ya kamata malamai su tsaya su yi nazari, su bar tsawa. Kun karanta cikin Risala cewa zina tana tabbata da ɗayan uku: iƙirari, ko ciki ya bayyana ga wadda ba ta da miji, ko shaidu huɗu maza adilai waɗanda sunka gani da ido, lokaci guda. Namiji ba shi ɗaukar ciki. Namiji mai wayo ba shi iƙirari. Shaidu huɗu kuwa shari'a ta tsananta sharaɗinsu da gangan, domin a suturta bayin Allah. Saboda haka ƙofa biyu a rufe suke gare shi, ta ukun kuwa ba a gina ta dominsa ba. Mun ga wannan da idonmu bayan da anka dawo da hukuncin laifuka na shari'a, Zamfara ta fara a watan Janairu na 2000, jiharmu ta Kebbi ta biyo cikin shekarar, har jihohi 12 sunka shiga. A Tsafe an yi wa yarinya Bariya Ibrahim Magazu bulala 100 a watan Janairu na 2001. Ta ambaci maza uku, babu wanda bulala ta taɓa cikinsu. A Gwadabawa an yanke wa Safiya Husaini ta Tungar Tudu hukuncin jifa a watan Oktoba na 2001, anka sallami namijin saboda rashin shaidu, sai kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Sakkwato ta kuɓutar da ita a watan Maris na 2002. A Bakori, cikin wanga wata na Maris, an yanke wa Amina Lawal irin hukuncin, namijin ya yi rantsuwa ya koma gida, ita kuwa ba ta kuɓuta ba sai watan Satumba na 2003 a Katsina. Waɗanga mata ba karuwai ba ne, na kawo su ne domin ku ga inda ma'auni ke rinjaya. In haka ya auku ga matar ƙauye wadda ke cikin danginta, ina ga wadda ba ta da kowa?

Dokar da Turawa sunka bar muna, wadda ta fara aiki a Arewa a 1960, ita ma haka. Ta lissafa karuwar da ke kiran maza bisa hanya cikin masu zaman banza waɗanda ake kamawa. Tana da sashe a kan zinar namiji, tana da sashe a kan zinar mace, amma ba ta da sashen da ya kira mai biyan kuɗi da sunansa, ya ce miƙa kuɗin kansa laifi ne. Mu da muke cewa mun gyara abin da sunka ɓata, wanga gurbi mun bar shi yadda munka iske shi.

Amma shari'a ba haddi kaɗai ce ba, kuma nan ne nike son almajirai su buɗe kunne. Akwai ta'aziri, wato ladabtarwar da shugaba ko alƙali ke yi bisa saɓon da bai kai haddi ba, ko wanda sharuɗɗan haddinsa ba su cika ba. Halilu ya lissafa hanyoyinsa: ɗauri, da zargi, da tsayar da mutum gaban jama'a, da tuɓe mashi rawani, da bulala gwargwadon ganin shugaba. Keɓanta da matar da ba muharramarka ba saɓo ne. Shiga gidan da gari duka ya san sana'arsa, cikin dare, da kuɗi a hannu, saɓo ne wanda shaidu biyu ke tabbatarwa, ba shi bukatar huɗu. Matan da na gani cikin mota, da wace hujja anka kamo su? Ba a ga kowa bisa kowa ba. An iske su cikin gidan ne kawai. To mazan ma cikin gidan anka iske su. Hujjar da ta isa ta hau da mace mota, ta isa ta hau da namiji. In ba ta isa gare shi ba, ba ta isa gare ta ba. Ku zaɓi ɗaya.

Yanzu in kawo muku labarin wasu ƙasashe, wanda na ji a rediyo, wani almajirina da ya yi boko kuma ya karanta mini shi daki daki. A ƙasar Suwidin, can arewacin Turai, tun ranar 1 ga Janairu na 1999 doka ta ce sayen mace domin kwana laifi ne, sayarwa kuwa ba a hukunta shi. Har zuwa 2022 mai saye kan biya tara ko a ɗaure shi. Da farko iyakar ɗaurin wata shida ne, a 2011 anka kai shi shekara guda. Hujjarsu ita ce: mai kuɗi shi ke da zaɓi, in babu mai saye kasuwar ta watse. Norwe da Aisilan sunka bi su a 2009, Kanada a 2014, Ayilan ta Arewa a 2015, Faransa a 2016, Jamhuriyar Ayilan a 2017. A Faransa mai saye shina biyan tarar yuro 1,500, in ya koma ta kai 3,750. Sunka kuma soke laifin da ake kama mace da shi na kiran maza bisa hanya, sunka buɗe hanyar taimako ga wadda ke son fita. Wasu ƙasashen sun bi wata hanya dabam: Holan ta halatta gidajen karuwai a 2000, Jamus ta mai da abin sana'a a 2002. Waɗannan ba ruwanmu da su, domin abin da Allah ya haramta majalisa ba ta halatta shi.

In ka ce, malam, yau kuma wurin Nasara za ka ɗauko muna hukunci? Sai in ce maka: ban ɗauko ba, kuma ban ce a kwafo ba. Dokarsu ba ta ganin laifin zina kanta, in babu kuɗi tsakani ba ruwanta. Mu kuwa muna ganin laifinta da kuɗi ko babu. Abin da na ce, abin kunya ne mutanen da ba su karanta Suratun Nur ba su gane cewa namiji shina da kashi cikin laifin, mu da muke rubuta ta bisa allo muna wankewa mu kasa ganewa.

Kuma ba ni ɓoye muku cewa dokar tasu ba ta zo da alheri zalla ba, domin mai jayayya da gaskiya ba shi ɓoye abin da ke kansa. Hukumar Suwidin ta bincika a 2010, ta ce masu tsayuwa bisa titi sun ragu da rabi. Masu suka sunka ce cinikin ya koma waya da intanet ne, inda ido ba shi gani. A Faransa matan da kansu sun yi kuka, sun ce tun da masu saye sunka tsorata sai su ja su wuraren duhu nesa da mutane, su rage kuɗi, wanda ya rage cikin masu zuwa kuwa shi ne mafi mugunta. Mutum 261 cikinsu sunka kai ƙara kotun haƙƙin ɗan Adam ta Turai, kotun ta yanke a watan Yuli na 2024 cewa Faransa ba ta ƙetare iyaka ba, dokar ta zauna. Abin da na ɗauka daga kukansu shi ne: in ka kore mai saye, ba ka ba mace abin da za ta ci ba, ka ƙara mata yunwa ne, yunwa kuwa ita ta kawo ta tun farko. Kuma tarar kuɗi ban yarda da ita ba ga irin mutanenmu. Ga attajiri tara ƙarin farashi ce kawai. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah shi jiƙansa, cikin abin da ya zargi sarakunan zamaninsa da shi akwai karɓar dukiya a madadin hukuncin Allah. Wanda ke tsoron a tuɓe mashi hula gaban alƙali ba shi tsoron naira dubu hamsin.

Mu dai hanyar da munka gada ita ce kora. Tun zamanin kakanni, in ruwa ya ɗauke, damina ta yi gardama, sai a yi shela: kowace mace marar aure ta yi aure cikin kwana kaza ko ta bar gari. Ban taɓa jin an yi shelar mazan da ke zuwa wurinsu su bar gari ba, sai ka ce hadari mata kaɗai shike gani. A Maraɗi, cikin watan Nuwamba na 2000, lokacin da anka yi tarzoma saboda bikin nuna tufafi da anka shirya a Yamai, gidajen mata marasa aure anka faɗa wa da wuta. Da shari'a ta zo jihohinmu, matan da anka kora sun ƙetara iyaka zuwa ƙauyukan Nijar na bakin iyaka, masu saye kuma sunka bi su da mota da babur, su kwana can, su dawo su riski sallar azahar cikin jam'i. Mu mutanen Kebbi mun fi kowa sanin wannan, domin iyaka biyu gare mu, ta Nijar da ta Binin. Daga Kamba zuwa Gaya tafiyar ɗan lokaci ce. An kori mace daga inda wani kawunta ko malaminta zai iya ganinta shi yi mata magana, an kai ta inda babu wanda ya san sunan ubanta. Zinar ba ta ragu ba, wuri ta sake, mu kuma munka yi barci muna cewa gari ya tsarkaka.

Akwai wata ɓarna cikin kamen mata wadda ba a faɗi. Mai kame ba shi da ma'aunin gane karuwa sai tufa da lokaci da wuri. Saboda haka shina haɗawa da mai sayar da abinci a tasha, da matafiyar da mota ta lalace mata, da bazawarar da ke haya ita kaɗai. A Abuja an yi haka har wata mata, Dorothy Njemanze, da 'yan'uwanta sunka kai ƙara kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma; a watan Oktoba na 2017 kotun ta ce an zalunce su da kama su da kiransu karuwai ba hujja, ta yanke a biya uku cikinsu naira miliyan 6 kowace. Kun san hukuncin wanda ya jefi kamammiyar mace da zina bai kawo shaidu huɗu ba: bulala 80, kuma ba a sake karɓar shaidarsa. Wanda ya ɗora mace bisa mota ya zaga gari da ita, yara na ihu, ya jefe ta da abin da ya fi baki ƙarfi.

Sa'an nan maganar yunwa. Na san wasu za su ce, ai ba duka yunwa ta kai su ba, akwai masu son duniya. Gaskiya ne, akwai su, ban musa ba. Amma ku tambayi duk wanda ya taɓa zama ya saurari waɗanga mata, zai gaya muku mafi yawan labarin iri guda ne: auren da anka yi mata ba ta so ta gudu, ko saki ba ciyarwa, ko mutuwar miji 'yan'uwansa sunka cinye gado, ko 'yan bindiga sunka tashi ƙauyensu. Ƙasar Zuru da Danko-Wasagu da Yawuri sun sha wanga bala'i, a Mera ta ƙasar Augie an kashe mutane a watan Nuwamba na 2024. Kowane namiji da ya faɗi ya bar mata da ɗiya. A sansanonin gudun hijira na Maiduguri, wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta rubuta a 2016 labarin mata da 'yan mata 43 waɗanda masu tsaronsu da masu raba musu abinci sunka lalata, wasu da ƙarfi, wasu da alkawarin aure ko abin masarufi. Wane suna za ku ba wanda ke riƙe da buhun hatsi, ya ce wa mai jin yunwa sai ta ba da kanta?

Magabata sun san wanga mutum. An ruwaito cewa zamanin Sayyidina Umar an kawo wata mace wadda ƙishirwa ta kusa kashewa, ta roƙi makiyayi ruwa, ya ƙi sai ta ba shi kanta. Umar ya yi shawara da sahabbai, bai yi mata haddi ba. Halilu kuma, cikin waɗanda haddi ke faɗuwa daga kansu, ya ambaci wadda anka tilasta da wadda anka sayar lokacin tsadar abinci. Cikin Muwaɗɗa kun karanta labarin bayin Haɗibu da sunka saci taguwar wani mutum sunka yanka. Da Umar ya gane ana barinsu da yunwa, sai ya juya kan ubangijinsu, ya sa shi biyan dirhami 800 a kan taguwar 400. Na san Imamu Malik ya ce ba a aiki da ninka kuɗin, kada wani almajiri shi yi gaggawar kama ni. Ba da ninkin nike kafa hujja ba, da inda Umar ya juya fuskarsa nike kafa ta. Kuma hadisin mutum uku da dutse ya rufe cikin kogo, ɗayansu mi ya yi? Ɗiyar baffansa ta zo mashi cikin shekarar fari, ya ba ta dinari bisa sharaɗin ta ba shi kanta, da ta tunatar da shi Allah ya tashi ya bar mata dinarin. Wanga mutum mai saye ne. Abin da ya roƙi Allah da shi har dutse ya gusa, shi ne ya bar cinikin kuma bai karɓe kuɗinsa ba.

Saboda haka ga abin da nike kira gare shi, kuma ina roƙon malaman da ke da bakin magana wurin sarakunanmu na Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, da wakilan majalisar jiha, su kai shi. A rubuta sashe bayyananne cikin dokar jiha wanda ya ce duk namijin da ya ba da kuɗi, ko abinci, ko aiki, ko alkawarin wani amfani domin alfasha, ya yi laifin ta'aziri, shaidu biyu sun isa, hukuncinsa ɗauri ne ko tsayuwa gaban alƙali a fili, ba a fanshe shi da kuɗi. In yarinyar ba ta balaga ba, ko shi ne ke riƙe da abincinta ko aikinta ko jarrabawarta, a ninka mashi. Mai gidan haya da kawali su fi shi shan wuya, domin su kullum suke ci. Ita kuwa macen, kafin a tambaye ta mi ta yi, a tambaye ta wa ya sake ta, ɗiyan wa take goyo. A aika wa uban ɗiyan sammaci ranar nan, domin ciyar da su wajibi ne kansa, ba alheri ba ne. A nemi waliyyinta. In ba ta da kowa, tana cikin fakirai da miskinai waɗanda Allah ya yanka wa rabo cikin zakka. Fadamar Rima tana fid da shinkafa buhu bisa buhu, daga Argungu har Birnin Kebbi. Ushiri ne ga wadda ruwan sama ko ambaliya ya shayar, rabin ushiri ga wadda anka shayar da inji. Da ana fid da shi yadda ya kamata, da an samu jarin da za a ba irin waɗanga mata. Kano ta gwada aurar da zawarawa tun 2012, a 2023 ta aurar da mata 1,800 lokaci guda. Abu ne mai kyau, amma aure ba shi zama hukunci. Wadda auren dole ya kora, in ka mai da ta cikin wani auren dole, ka san inda za ka sake iske ta.

In ka ce, wannan zai tona asirin masu mutunci, shi ɓata gidaje, ga shi an umurce mu da sutura, sai in ce maka: na yarda da sutura, kuma ban ce a haura katanga ba, ban ce a buɗe wayar kowa ba, ban ce a laɓe bayan taga ba, domin Allah ya hana binciken asirin mutane cikin Suratul Hujurati. Wanda ya saɓa a ɓoye tsakaninsa da Ubangijinsa. Ina magana ne bisa gidan da ƙofarsa ke buɗe, babura jere gabansa, wanda kunka riga kunka shiga da kanku. In sutura ce, ita ma macen tana da uba, tana da ɗiya waɗanda za a yi wa gori a makaranta. Ba ni ganin wata aya ko hadisi da ya ce suturar musulmi tana ƙaruwa da girman rigarsa. Abin da nike zato, Allah shi ne mafi sani, ba sutura ke hana a kama mazan ba. Tsoro ne, kada a haska fitila a ga fuskar wanda ake gaisarwa, ko wanda ya ba da siminti ga ginin masallaci. Mu malamai muna da kashi cikin wanga tsoro, domin wa'azin tufafin mata ba shi rage muna sadaka, wa'azin mai saye kuwa shina iya ragewa. Ni kaina na yi shekaru ina karantar da babin zina ban taɓa tsayawa nan ba, sai da na ga ɗiyar makarantata bisa mota.

Yarinyar nan an sake ta bayan kwana uku, an sa ta rantsuwa ba ta komawa. Na aika matata ta nemo ta, anka ce ta bar ɗiyan wurin kakarsu, ta shiga motar da ke zuwa bakin iyaka. Wanda ya sake ta shina nan cikin gari, babu wanda ya kira shi.

Wanda ke da hujja daga Littafi, ko sunna, ko maganar malaman mazhaba, cewa ya halatta a kama mace a sallami namijin da anka iske tare da ita, shi rubuto, shi ambaci littafi da babi. Za a buga amsarsa cikin wagga takarda, in kuwa ya fi son baki da baki, ina zaure kullum bayan la'asar ban da Alhamis da Juma'a. Wassalamu.